Yadda na shirya karena na tafi da shi hutu daga Sakkwato zuwa Jos

Tun da munka dawo daga Jos ake ta yi mani tambaya guda, wasu cikin zolaya wasu kuma da gaske suke don su ma suna da kare a gida kuma tafiya na kama su, wai ƙaƙa anka yi na ɗauko kare a mota tun daga Sakkwato har Filato ya je lafiya ya dawo lafiya. Maimakon in riƙa maimaita ma kowa bari in zayyana yadda abin ya gudana. Abin da na fi so mutum ya riƙe shi ne jerin abubuwan, wane ke gaba wane ke baya, domin kowane mataki yana da kwanakin da yake buƙata kafin a taka na gaba, in ka jirkita su ko dai ka kashe kuɗi a banza ko ranar tafiya ta zo takarda ba ta hannunka.

Ni dai ba mai ajiye kare don ƙawa ba ne. Gidanmu yana can gefen Arkilla inda har yanzu akwai kangaye da filaye tsakanin gidaje, an taɓa haura muna katanga anka kwashe batiran sola, daga nan na nemo kare don gadi. Sunanshi Bobi, ruwa biyu ne, uwarshi irin karnukan Jamus ɗin nan ce da ake ce ma Alseshan, uban kuma Allah masani, amma gashin uwar ya ɗauko, mai kauri mai hawa biyu. Na san abin da wasu za su ce, ni ma kafin in kawo shi sai da na tambayi malaminmu, ya ce mani na farauta da na kiwo da na gona nassi ya zo da su, na tsaron gida kuma malamai da dama sun ƙiyasta shi a kansu in akwai buƙata, sannan a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki umurni ne da ake bi don ibada. Ya ƙara da cewa in dai ka ajiye dabba to cinta da shanta da lafiyarta suna wuyanka. Bobi ba ya shiga ɗaki, rumfarshi na bayan gida. Abin da ya jawo tafiya da shi kuwa, mun shirya yin hutun yara na watan Afrilu a Jos don mu ɗan tsere ma zafi, kowa ya san Afrilu a Sakkwato awon zafi na haura 40, sai ga mai gadinmu, wanda ban da ni shi kaɗai Bobi ke yarda ya kusance shi da abinci, ya ce zai tafi ƙauye sharar gona da gyaran rufi kafin ruwa ya sauka. Na zagaya dangi ba wanda ya yarda ya karɓe shi, ban kuma ga laifin kowa ba.

Jirgi na fara tunani. Na je filin jirgin Sultan Abubakar III na yi tambaya, anka ce sai da keji mai ƙarfi wanda kare zai iya miƙewa tsaye ya juya ya kwanta a ciki, da katin rigakafi, da takardar shaidar lafiya daga likitan dabbobi, kuma babban kare ba ya zama tare da fasinja, ƙasa ake sa shi wajen kaya. Jirgin da na samu ta Abuja zai bi, na tuna zaman jira da zafin kwalta da rana tsaka, na haɗa da kuɗin, na ce a'a. Tasha kuma ko minti biyar ban yi ba, direban ya yi dariya ya ce "Alhaji ko da shata ka ɗauka, wa zai shiga motata gobe?" To dai motar gida ce, ba wata dabara.

Wajen wata guda kafin tafiya na kai shi asibitin dabbobi. A Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai na gwamnatin jiha, akwai kuma likitoci masu zaman kansu, kowa ya je inda ya fi mashi kusa. Shawarata a yi sammako, ba don layi kaɗai ba, don dabbar ma kar ta sha rana. Na isa tun ba a gama shara ba amma na iske mutane, mai tunkiya ta kasa haihuwa, mai doki, wani dattijon Bafulatani da maraƙi a bayan a-kori-kura, da wasu matasa 'yan farauta da karnukansu biyu ɗaure da igiya guda. Nan na ga amfanin takunkumi, Bobi bai saba ganin taron dabbobi ba, ya riƙa haushi yana jan sarƙa, mai tunkiya na ta harara ta, dole na koma da shi ƙarƙashin wata dogonyaro nesa da kowa. In kare bai saba da takunkumi ba a fara sa mashi a gida na ɗan lokaci ana ba shi ɗan abin ci, kar a bari sai a ƙofar asibiti. Anka buɗe mashi kati kan naira 1,000, anka rubuta suna da shekaru da jinsi da launi, anka ɗora shi a sikeli ya ba da kilo 31. Wanga nauyin a riƙe shi, duk maganin da za a ba kare da shi ake lissafi. Likitar mace ce, ta sa ma'aunin zafi ta dubura ta ce zafin kare mai lafiya tsakanin 38 ne da 39 da ɗan abu, ta ɗaga leɓenshi ta duba dasashi, ta leƙa kunnuwa, ta buɗe tsakanin yatsu, sai ga kaska jere. Ta ce "Alhaji ka ga baƙinka."

Da ta duba tsohon katinshi na rigakafi sai ta ce allurar haukan kare ta wuce wa'adi, shekara-shekara ake sabunta ta. Na ce "Dokta ai sai a yi mashi ana gobe tafiya, ta fi zama sabuwa." Ta ce ba haka abin yake ba, jiki na buƙatar sati uku zuwa huɗu kafin rigakafin ya kama sosai, shi ya sa ƙasashe da yawa ba su karɓar kare sai allurar ta kwana 21 aƙalla. Ta zaunar da ni ta yi mani bayanin da ban taɓa ji dalla-dalla ba, wai Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare mutane ke ɗauka, in alamu sunka riga sunka bayyana a jikin mutum to sai dai addu'a. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur, a garzaya asibiti, shi kuma karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, kar a kashe a jefar. Ta ce a garin da ba a san ka ba, ranar da tsautsayi ya gitta, katin nan ne kaɗai zai yi maka magana. Na kula ta ɗauko allurar daga firji, bayan ta yi ta rubuta lambar kwalbar a katin, ta sa hannu ta buga hatimi da kwanan wata. A tsaya a ga an yi wannan, don akwai masu yawo gida-gida da allura a aljihu cikin ranar Sakkwato, ruwan da ya sha zafi ba ya aiki. Ta ce cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, can kusa da inda za mu je, tun 1924 take wurin kuma tana cikin masu yin irin wannan rigakafin. Ta kuma yi mashi ɗaya allurar mai haɗe da cututtuka biyar, ciki har da gudawar jinin nan mai kashe 'yan kwikwiyo da likitoci ke ce ma fabo. Alluran biyu sun ci mani wajen naira 17,000, gwajin jini da na kashi kuma 6,000. Farashin nan na lokacin ne, yanzu kowa ya san yadda kaya ke tashi.

Sakamako sai washegari. Jini lafiya lau, wanda ta ce sa'a ce don kaska na sa ma kare zazzaɓin da ke shanye jini, za ka ga dasashi ya yi fari kare ya daina cin abinci, kuma da an samu haka tafiyar sai dai a fasa don maganin na ɗaukar makonni. Kashi kuma akwai tsutsar ciki, ta ba da ƙwaya ta ce a maimaita bayan sati biyu. Nan na tambaye ta maganin kaska, don a unguwa kowa da nashi, wani ya ce fiya-fiya, wani ya ce baƙin mai, wani ya ce in je kasuwar dabbobi ta Kara in sayo na wankan shanu in zuba da ido. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce karnukan da ake kawo mata suna dalala da karkarwa rabinsu wannan ne sila, kare na lasar jikinshi, abin da ka shafa ma fata cikinshi zai tafi. Ta lissafa mani abin da ke akwai, ƙwayar taunawa irin NexGard mai aikin wata guda, Bravecto mai kai sati 12, sai na ɗigawa a ƙeya wanda ya fi sauƙin kuɗi. Na ɗigawa na zaɓa, ta ce to kar in ɗiga sai bayan an yi mashi wanka ya bushe, in an ɗiga kuma kar ruwa ya taɓa shi kwana biyu. Ta kuma ce a bar shi ya huta 'yan kwanaki bayan allura kafin wankan. Kun ga jerin da nake faɗi. Kafin in fita ta ƙara mani da wani abu, kar a ba kare farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane, kar a ba shi ƙashin kaza dafaffe, kuma a rage zuba mashi ragowar miya mai albasa don albasa na lalata ƙwayoyin jinin kare. Na ce Dokta a Sakkwato kike hana albasa? Ta yi dariya ta ce kai ka ci, shi dai a'a.

Sai maganar gyaran jiki, wadda ita ce mutane sunka fi yi mani dariya a kai, wai Alhaji ya kira ma kare wanzami. Ni dai ban samu shago na musamman ba irin waɗanda ake gani a Abuja da Legas masu bahon wanka da tebur, abin da na samu ta hannun wani ma'aikacin asibitin shi ne wani matashi da ya karanci lafiyar dabbobi, yana zuwa gida da kayanshi a jaka a kan mashin. Mun yi ciniki ta waya, ya tambayi girman karen da irin gashinshi da ko yana cizo da ko an yi mashi rigakafi, ya ce ba ya taɓa karen da ba ya da kati, wannan ya sa na ji na yarda da shi. Munka daidaita kan naira 15,000. Ya ce zai zo da sanyin safiya, in tanadi ruwa da yawa wanda bai kwana a tankin sama yana shan rana ba, in kuma kasance a wurin da kaina. Da ya zo na ce mashi abin da nake so ya sa kilifa ya aske shi tas ya huta da zafi. Ya ce "Ranka ya daɗe, in ka matsa zan yi, amma ba gata za ka yi mashi ba." Ya buɗa gashin bayan Bobi ya nuna mani hawa biyun, na sama dogo mai ɗan tauri, na ƙasa mai laushi cunkus. Ya ce na saman kamar rufin soro yake, shi ke tare rana kar ta dafa abin da ke ƙasa, in anka aske shi fata za ta ƙone kuma wani lokaci gashin ba ya komawa yadda yake. Na ƙasan da ya mutu ya cushe shi ke riƙe zafi, shi za a fitar. Ya ce kare ba ya zufa ta jiki yadda muke yi, da haki yake sanyaya kanshi sai ɗan gumi ta tafin ƙafa, don haka inuwa da ruwan sha sun fi mashi aski amfani.

Aikin ya ɗauki fiye da awa biyu kuma rabi duk a taza ya tafi. Bai bari ruwa ya taɓa shi ba sai da ya gama tajewa, wai in gashi ya dunƙule ka jiƙa shi ƙara ɗaurewa yake. Yana da wani matajin ƙarfe mai dogayen haƙora da buroshi mai siraran wayoyi, gashin da ya fito wallahi ya cika bokiti, yara na ta ihu wai an fitar da wani karen daga jikin Bobi. Inda ya dunƙule a bayan kunne da hammata ya sa almakashi a hankali. Kaska kuma da ɗan hantsaki yake kama ta dab da fata ya ja a miƙe, ya jefa cikin gwangwanin kananzir, ya ce kar a murtsuke ta da yatsa. Ya fi samunsu a cikin kunne da tsakanin yatsu da ƙarƙashin abin wuya. Wajen wanka ya tura ɗan auduga a kunnuwa, ya yi amfani da shamfu na karnuka, ya ce omo da sabulun wanki da muke amfani da su ne ke busar da fatar har kare ya riƙa susa mu ce ƙazuwa ce. Ɗauraya ya fi ba ƙarfi, ya yi ta zuba ruwa har sai da kumfa ta ƙare ƙaf. Yankan farce ne ya fi tayar mani da hankali, na riƙe kan Bobi da takunkumi ina lallashi, shi kuma yana datsa kaɗan-kaɗan don akwai jijiya mai jini a cikin farcen, a baƙin farce ba a ganinta. Ya nuna mani wani ɗan farce a gefen ƙafa ta ciki wanda ba ya taɓa ƙasa, ya lanƙwashe saura kaɗan ya shiga nama, ni ban ma san da shi ba. Ya rage gashin tafin ƙafa, ya goge kunne, ya tsane shi da tawul ya ƙarasa da na'urar busar da gashi a kan iska mara zafi, don in ƙasan gashin ya kwana da laima ƙuraje ke fitowa. Da ya gama karen ya rage girma a ido, warin nan da ke tashi daga rumfarshi ya tafi, uwargida da ta ce ba za ta shiga mota ɗaya da shi ba ta leƙo ta ce to yanzu a iya magana. Bayan kwana biyu na ɗiga maganin kaska.

Keji wajen mai walda na yi, na kai mashi awo, tsawo daga hanci zuwa gindin wutsiya da ɗan ƙari, tsayi yadda zai miƙe kunnenshi bai taɓa sama ba, raga ta kowane gefe, ƙasa kuma katako da tsohuwar darduma don ƙarfe na ɗaukar zafi. Ya ci 35,000. Motar irin mai buɗaɗɗen baya ce, iskar esi na kaiwa har can, wanda motarshi mai rufaffen but ce don Allah kar ya sa kare a ciki. Na ajiye kejin a rumfarshi ina sa mashi abinci ciki har ya fara shiga da kanshi, sannan na riƙa ɗaukarshi da yamma mu zagaya, farko cikin unguwa, daga baya har Shuni mu dawo. Zagayen farko ya yi amai, a hankali ya daina. Na tambayi likita maganin barci ta hana, ta ce kare mai maye ba ya iya daidaita zafin jikinshi. A satin tafiya na koma da shi ta sake dubawa ta rubuta takardar shaidar lafiya, naira 5,000, ita wannan ba a karɓarta da wuri don kwanakinta kaɗan ne. Na yi hoton takardar da katin a waya, na kuma yi kwafi na sa a aljihun mota.

Masauki ya fi komai ba ni wahala, kuma ga wanda zai yi irin wannan tafiya ina ganin ya fara da shi tun kafin ya biya kuɗin keji. Otal-otal ɗin da na kira a Jos da na ambaci kare sai murya ta canza, wani ya ce sai ya tambayi manaja, shiru. A ƙarshe gidan haya na kwanaki na samu wajen Rayfield, mai katanga da fili da ɗan ɗakin ajiya a baya. Mai kula da gidan ya ce in turo hoton katin rigakafi, in ajiye 20,000 ta ko-ta-kwana, kare ba zai hau kujera ko gado ba, kashi kuma ni zan kwashe. Na ce duk na yarda amma ya rubuto mani a saƙo. Kar mutum ya ɓoye maganar kare ya ce sai ya isa, da iyali a mota da dare ba lokacin ciniki ba ne.

Ranar tafiya akwai abu biyu da ke karo da juna. Zafi na cewa ka fita tun da duhu, halin tsaron hanyar Zamfara kuma na cewa kar ka kuskura. Mun jira gari ya waye motoci sun fara zirga-zirga sannan munka ɗau hanya, na kuma yanke tafiyar biyu tunda kilomitan sun haura 600, mu kwana Zariya. Abincin kirki tun dare na ba shi, da safe ruwa kawai. Na ɗauki jarkar ruwan gida da kwanonshi da abincin da ya saba, da kula da ƙanƙara, da tsumma, da ledoji. Ta Dange da Tureta yana ta haki yana leƙe, kafin Talata Mafara ya kwanta. Tsayawa sai cikin gari inda akwai jama'a, mun tsaya Mafara da Gusau da Funtua, kowane wuri in nemi inuwa can gefe nesa da masu abinci da masallaci, in sa mashi sarƙa tun yana cikin keji kafin in buɗe, ya sha ruwa ya yi fitsari. Kafin ya taka kwalta nakan ɗora bayan hannuna a kai, in ban iya jurewa ba shi ma tafinshi ba zai iya ba. A Gusau rana ta take, hakinshi ya ƙaru harshe ya fito sosai, na jiƙa mashi ciki da ƙafafu da ruwa mai ɗan sanyi munka ƙara esi, ya dawo daidai. Da lokacin salla ya yi bi da bi munka yi, ba a taɓa barinshi shi kaɗai a mota a kashe ba, mota rufaffiya a ranar nan mintuna kaɗan sun isa. Shingayen jami'an tsaro kuwa suna da yawa, mafi yawansu leƙawa kawai sunka yi, a wani wuri bayan Tsafe ne wani ya ce "Alhaji wannan fa, naka ne?" Na ce "Nawa ne yallaɓai, ga takardunshi." Ya duba hatimin ya miƙo mani ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A Zariya gidan kawuna munka sauka, na riga na gaya mashi tun a waya. Da munka gaisa na ce "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ga mu da baƙon da na ce." Ya ce "Ɗana, kai da iyalinka gida naku ne, shi kuma gareji ya ishe shi, kar dai ya kusanci inda nake alwala." Haka anka yi. Daren bai yi barci sosai ba, sabon wuri, duk motsi sai ya yi haushi, sai da na fita na zauna kusa da kejin na jefa mashi tsohuwar rigata sannan ya lafa. Da safe na wanke garejin da kaina kafin kowa ya tashi. Munka bi ta Pambeguwa da Saminaka, hanyar na da ramuka da kwana-kwana, a hankali na tafi.

Jos na sama da mita 1,200 a kan tudu, tun muna hawa na kashe esi na sauke gilashi. Karen da a gida yake yini kwance a jiƙaƙƙen yashi sai ga shi yana tsalle yana bin yara, cin abincinshi ma ya ƙaru. Da safe nakan fita da shi da sarƙa mu taka, a can ganin mutum da kare a hanya ba abin kallo ba ne, har wani ya tsayar da ni yana tambayar wa ya gyara mashi gashi. Ban taɓa sakinshi a waje ba ko sau ɗaya, kare a baƙon gari in ya ɓace ba ya san hanyar gida, na kuma ɗaura mashi lambar wayata a abin wuya. Wuraren da munka kai yara, gidan namun daji da gidan tarihi, ban je da shi ba, na bar shi a inuwar ɗakin baya da ruwa, kuma ba mu daɗe ƙwarai. Wannan shi ne gaskiyar hutu da kare da ba a faɗi, rabin shirinka a kanshi yake, ba ka yini a waje yadda kake so. Ruwan farko ya sauka muna can, ciyawa ta ɗago, duk yamma sai na bi jikinshi da hannu ina laluben kaska, na samu 'yan kaɗan amma a mace, maganin ya yi aiki. Ranar tashi mai kula da gida ya zagaya ya mayar mani da kuɗin ajiyata cif.

Da na zauna na haɗa lissafi, ban da mai da masauki, abin da Bobi ya ci ya doshi naira 90,000, kejin ne babba kuma shi yana nan don gaba. Da mai gadi na nan gaskiya barinshi zan yi, kare mai gadi ya fi natsuwa a gidan da ya sani, kuma gidan ma ya kwana ba mai haushi sai da na roƙi maƙwabci ya riƙa leƙawa. Amma in dole ta kama, wata guda kafin tafiya a ga likita a yi allura, a tabbatar da masauki a rubuce, wanka da taza su biyo bayan allura da 'yan kwanaki, maganin kaska bayan wanka, takardar lafiya a satin ƙarshe. Wanda karenshi ya tsufa ko mai gajeren hanci ne irin masu numfashi da ƙyar, ko macen da ke da ciki, ya tambayi likita tukuna ko ma ya dace a yi tafiyar da bazara. Dawowa ma a kula, daga sanyin Jos zuwa zafin gida Bobi ya yi kwanaki ba ya son abinci da rana, na mayar da cinshi bayan magariba na ƙara mashi kwanon ruwa na biyu. Shi kuma matashin nan da ya yi mashi wanka da taza mun yi da shi zai riƙa zuwa duk bayan wata biyu, ya ce da hunturu za mu rage wanka mu yawaita taza don iskar na busar da fata, ya bar mani tsohon matajinshi guda kan naira 2,000 in riƙa yi da kaina duk sati.